Wace kalma za mu sa wa emulsifier da Hausa?

1/ Jama'a dan Allah a zo mu tsayar da kalma ɗaya. Ku juya bayan ledar biskit ko cakulan ko robar bota, za ku ga an rubuta emulsifier, wani sa'in da lamba a gefe, E322 ko E471. Mu dai duk kemikal muke ce musu, to da an ce kemikal magana ta mutu, wani ya tsorata ya ce guba ce wani ya ce ai komai ma kemikal ne ya ci gaba da ci, babu wanda ya gane komai.

2/ Aikinsa dai guda ne. Zuba man gyaɗa a kofin ruwa ka kaɗa har hannunka ya gaji, kana ajiyewa man zai taso sama. Shi wannan sinadarin gefe ɗaya nasa na kama mai, ɗayan na kama ruwa, sai ya riƙe su tare. Masu haɗa mayonis a gida sun san abin, gwaiduwar ƙwai ce ke riƙe man, in aka yi gaggawar zuba mai da yawa lokaci ɗaya sai haɗin ya ɓaci, man ya ware yana yawo a kwano. Abin da ke cikin gwaiduwar shi ne lesitin, wato E322 ɗin nan, wani Bafaranshe Gobley ne ya fitar da shi daga ƙwai wajen 1850, yanzu kuma yawanci daga waken suya ake samo shi.

3/ Wasu sun ce mahaɗi. A'a, mahaɗi ya riga ya yi aiki da yawa, wake ma mahaɗin shinkafa ne. Mai sa kauri kuma wani aikin ne daban, wannan aikin kuka ne a miya. Gama-mai da aka kawo ya yi daɗin faɗa amma mutum zai ɗauka ƙarar da man ake nufi. Imalsifaya kuwa, eh mun ari kwamfuta mun zauna lafiya, sai dai kwamfuta kana ganinta da ido, wannan ba ka ganinsa, dole sunan ya gaya maka abin da yake yi.

4/ Ni zaɓina hana-rabuwa. Ginin irin namu ne, kamar hana-salla da dafa-duka. Kuma bai yanke wa abin hukunci ba, bai ce mai kyau ne ko mugu ne ba, wannan shi ya fi damuna wallahi, don ba ɗaya suke ba.

5/ Duba E414, ƙaro ne fa. Ƙaron da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa da Chadi, Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, shi ke riƙe man ɗanɗano a cikin lemon kwalba. Ko da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997 sai da ta bar wa ƙaro ƙofa. Ta yaya za a haɗa wannan da sauran a kira su guba?

6/ Amma akwai waɗanda ake sa wa ido. A 2015 mujallar Nature ta buga binciken da aka yi a Amurka kan ɓeraye, aka ba su hana-rabuwa biyu, E433 da E466, ƙwayoyin bakteriyar cikin hanjinsu suka sauya, aka ga kumburin hanji da ƙiba. Ɓera ba mutum ba ne, kuma har yau doka ba ta hana su ba. A 2023 wani bincike a Faransa kan mutum sama da 90,000 ya ga alaƙa tsakanin yawan cin wasu daga cikinsu da ciwon zuciya, alaƙa ce dai, ba a tabbatar su ne sanadi ba. E471 kuwa hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sake duba shi a 2017 ta ce babu abin fargaba, duk da haka a 2023 aka tsaurara iyakar gurɓatattun abubuwan da ke iya biyo shi daga masana'anta. Mu kuma ga tamu tambayar, E471 daga mai ake yinsa, zai iya zama manja ko man waken suya, zai iya zama kitsen dabba har da alade, lambar kaɗai ba ta faɗa ba, sai ka nemi tambarin halal ko inda aka rubuta daga tsiro yake.

7/ Wata 'yar uwa ta ce tana jin rabuwa sai zancen aure ya faɗo mata. Gaskiya ne, don haka a karon farko a rubuta sinadarin hana rabuwar mai da ruwa, daga nan a taƙaita. Gwada a baki: wane hana-rabuwa aka sa a botar nan, na tsiro ne ko na dabba? Mutanen Maraɗi da Damagaram, ku da kayanku ke zuwa da rubutun Faransanci, in akwai yadda kuke kiransa a kasuwa ku ajiye mana a nan mu gwada su biyun.