Wace kalma za mu ba "rudiments" a ajin ganga?

Malamin kiɗa, Maradi: Salamu alaikum jama'a. Ina koya wa yaran kwaleji kaɗa gangar fanfar, wadda Faransawa ke ce wa caisse claire. Sunanta bai dame ni ba, in na ce gangar badujala kowa ya gane. Inda na maƙale shi ne rudiments, wato gajerun jerin bugu da ake ta maimaitawa har hannu ya haddace. Akwai dama-hagu-dama-dama, hagu-dama-hagu-hagu, wanda suke kira moulin. Akwai dama biyu hagu biyu, a fara a hankali ana cewa papa-maman har sauri ya haɗe su su zama gurnani guda. A Amurka an tsayar da 26 a 1933, aka kai su 40 a 1984. Ina son kalma ɗaya da za ta rufe su duka. Na gwada "tushen kiɗa", amma ta yi faɗi, har riƙon sanda da tsayuwa sun shige ciki.

Dattijo daga gidan makaɗa, Tibiri: Ɗana, mi ya hana ka ce take? Da shi aka fara mana.

Malamin kiɗa: Baba, Allah shi ƙara girma. Take magana ne, yana da mai shi. In an kaɗa taken Sarkin Gobir, ko wanda ke bayan katanga ya san wa ake nufi. Moulin kuwa bai kiran sunan kowa, aikinsa kawai ya hana hannun hagu zama ɗan rakiya.

Dattijo: To, ka yi gaskiya. Amma ka faɗa ma yaranka wayoyin nan na ƙarƙashin gangarku ba baƙon abu ba ne. Tamu gangar ma tana da tsirkiya bisa fata, ita ka ba ta zuga. Mu dai gula guda muke riƙewa, ɗayan hannun kan fata.

Tsohon ɗan fanfar: Mu da muka sha rana muna shirin defile, wato fareti, na ranar Jamhuriyar Nijar, 18 ga Disamba, ba wanda ya fassara mana komai, sunayen bugu irin su "ra" da "fla" kawai ake daka mana. Ni sai in ce babbaƙun ganga. Yaro ai da babbaƙu yake farawa kafin farfaru.

Malamar Hausa: Yaya, ma'anar ta zauna, amma kalmar allo ce. A Maradin nan ka jingina ta da ganga, gobe iyaye na bakin ofishin darakta. Kuma baƙi harafi ɗaya ne, daidai da bugu ɗaya. Abin da Malam ya kwatanta bugu takwas ne da aka ɗaure wuri guda, ba ya rabuwa, shi kaɗai kuma bai zama kiɗa ba sai an jera shi da ƴan'uwansa. Wannan a nahawu gaɓa ce. Ku ce gaɓar bugu, jam'i gaɓoɓin bugu. Duk yaron da ya yi ba-be-bi a lekol ya san yadda ake haɗa gaɓoɓi a fitar da kalma.

Tsohon ɗan fanfar: Ba za su zaci gwiwa da wuyan hannu ake nufi ba?

Malamar Hausa: Su zata mana. Ai daga wuyan hannun bugun ke fitowa.

Malamin kiɗa: Malama, na karɓa. Na gwada ta a baki: "Yau gaɓa biyu za mu ɗauka", "wannan maci gaɓoɓi huɗu ne a cikinsa". Ta shige ba tuntuɓe. Salo kuma na bar shi ga bambancin gidaje, kamar salon sojan Faransa da na mutanen Bazel a Suwizalan. Saura fla, inda sanda ɗaya ke sauka a hankali gab da ta biyun ta faɗo da ƙarfi. Yarana "ɗan goyo" suke ce masa. In babu mai ja, haka zan rubuta a allo ranar Litinin.

Dattijo: Goyo baya yake zama, wannan kuwa gaba yake shigowa. Ku ce ɗan zagi.