Neman kalmar Hausa: me za mu kira "lahar"?

Jama'a, assalamu alaikum. Na zo da tambaya ga malaman harshe da ma'aikatan rediyo, amma sai na fara faɗa muku inda na tsinto ta.

A watan Yuli, lokacin da damina ta kankama a gida, nan Niyu Zilan tsakiyar hunturu ake. Mun je gandun dajin Tongariro da ke Tsibirin Arewa, inda duwatsu masu aman wuta guda uku suke a jere: Tongariro, Ngauruhoe da babbansu Ruapehu mai tsayin mita 2,797. Kawunansu duka fari fat da dusar ƙanƙara. Doguwar hanyar nan da ta ratsa duwatsun, mai kusan kilomita 20, ba ta kowa ba ce a wannan lokaci, sai mai kayan hawan ƙanƙara da gwaninta ko ɗan jagora. Mu ƙananan hanyoyin da ke kewaye da ƙauyen Whakapapa muka bi. A harshen Mawori, 'yan asalin ƙasar, "wh" kamar "f" ake furta ta, wato Fakapapa.

Hanyar matsirgar Taranaki muka ɗauka, kilomita 6, tafiyar awa biyu a zagayo. Rabinta fili ne na wata ciyawa jaja-jaja mai tsirowa tuli-tuli kamar gamba, rabi kuma kurmi ne mai duhu da sanyi a gefen rafi. Ruwan yana faɗowa daga tsayin mita 20, daga bakin wani narkakken dutse da Ruapehu ya amayar kimanin shekara 15,000 da suka wuce, ya daskare a wurin. A cikin kurmin wani ɗan tsuntsu mai baza wutsiya kamar maficin kaba ya yi ta bin mu. Sunansa piwakawaka, ƙwarin da sawunmu ke tayarwa yake kamawa, yadda balbela ke bin shanu. Na daɗe a bakin rafi ina neman whio, agwagwar nan mai ruwan toka da ke zaune a ruwa mai ƙarfin gudu, wadda hotonta ke jikin takardar dala goma ta ƙasar. Allah bai sa na gan ta ba.

Abin da na gani shi ne allo. An rubuta gargaɗi cewa idan aka ji jiniya, kowa ya bar kwari ya hau tudu, domin lahar na iya biyo rafin. Da dare na zauna zan ba yayata labari a waya, sai na rasa abin da zan kira wannan abu.

Ga yadda yake. A ƙoƙon kan Ruapehu akwai tafki mai ɗumi. Idan dutsen ya motsa ya watso ruwan a kan ƙanƙara, ko bangon da ya tare tafkin ya ɓalle, sai ruwan ya gangaro yana kwasar toka, yashi, tsakuwa da manyan duwatsu. Kafin ya iso ƙasa ya yi kauri kamar kwaɓaɓɓen siminti, kuma hanyar kogi yake bi da gudun da ƙafa ba ta tsere masa. Kalmar ma ba ta Turawa ba ce, daga harshen mutanen Jawa na Indunusiya suka aro ta.

Ran 24 ga Disamba 1953, da dare, irin wannan ya biyo kogin Whangaehu ya karya ƙafar gadar jirgin ƙasa a Tangiwai, 'yan mintuna kafin jirgin da ya taso daga Wellington zuwa Auckland ya iso. Mutum 151 suka rasu. Ku riƙe wannan: a daren nan dutsen bai yi aman wuta ba. Tokar da ya zubar tun 1945 ce ta toshe mafitar tafkin, ruwa ya yi ta taruwa, rannan toshiyar ta ɓalle. Wanda ya ga abin da ɓallewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a 2024 ya san rabin labarin, sai dai a nan madatsar tana kan dutse, ruwan kuma ɗauke yake da duwatsu. Haka ta sake faruwa a watan Maris na 2007, amma a lokacin an riga an kafa na'urorin gargaɗi, aka rufe hanya da layin dogo, ba a rasa rai ba.

To, sunan fa?

Na fara tunanin mu ari kalmar yadda take. Ban gamsu ba. Kunnen Bahaushe zai ji "lahira" ko "lahani", kuma ko ɗaya ba ta gaya wa mutum ta ina abin zai zo ba, balle inda zai gudu.

Wani ɗan'uwa da muke karatu tare ya ce "aman dutse". Ta yi daɗin faɗa, amma labarin 1953 ya rushe ta. Idan muka ɗaura sunan a kan amai, mai sauraro zai ɗauka muddin bai ga wuta da hayaƙi ba to lafiya lau, alhali abin yana zuwa dutse na shiru. Ga shi kuma "aman dutse" ta fi dacewa da narkakken dutsen nan mai ja, gara mu bar masa ita.

"Zaftarewar laka" ita ce aka saba ji a labarai, kuma tana da wurinta. Sai dai zaftarewa gefen tudu ne ya yanke ya faɗo kan abin da ke ƙarƙashinsa, nan kusa. Wannan kuwa tafiya yake yi, ya iske mutanen da ko dutsen ba sa hange. A Kolombiya, cikin Nuwamban 1985, ya taso daga dutsen Nevado del Ruiz ya binne garin Armero da dare, mutum fiye da 20,000 suka halaka, garin kuma yana can nesa a ƙasan kwari. Abin da ke bin kogi ya cika shi ya tumbatsa, a Hausa ambaliya ce.

Saura laka ko taɓo, nan na fi daɗewa. Laka a kunnena ta maginin tukwane ce, mai danƙo, tana zaune inda aka same ta. Taɓo shi ne wanda ruwa ya sha kansa, wanda ke kama ƙafa da tayar mota. Don haka na karkata ga taɓo. Na gwada "ambaliyar toka", sai na ji kamar busasshiyar toka ce iska ta kwaso.

Shawarata ita ce "taɓon dutse" ga abin kansa, "ambaliyar taɓon dutse" ga aukuwarsa. Abin da ya ja ni gare ta shi ne kalmar dutse tana ɗaukar ma'ana biyu a wurinmu, tsauni da kuma dutsen jifa, kuma duka biyun gaskiya ne a nan: daga tsauni ya fito, duwatsu ne a cikinsa. Na gwada ta a bakin mai shela: "Taɓon dutse na tafe, ku bar kwari ku hau tudu!" Na karanta wa yayata wannan ba tare da wani bayani ba, ta ce, "Wato ruwa ne ya kwaso ƙasa daga sama." Ta gane.

Inda nake neman taimako shi ne wajen mutanenmu na Sakkwato, Katsina da Damagaram, ko a bakinku laka da taɓo sun rabu yadda suka rabu a nawa. Sai kuma 'yan'uwa mazauna Buea a gindin Dutsen Kamaru, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Idan dattawan zango suna da sunan da suke kiran ruwan da ke gangarowa da ƙasa da duwatsu daga kansa, ku kawo mana, nasu ya riga nawa.