White paper: farar takarda ce ko takardar matsaya?

Jama'a, ga wata kalma da ya kamata mu tsaya a kanta, don kullum sai ta faɗo cikin labarai, kuma kowane gidan rediyo da irin tasa fassarar: white paper. Wani ya ce farar takarda, wani ya ce rahoton gwamnati, wani ya ce daftarin manufa, wani ma ya furta ta da Turancinta ya yi gaba. Ni tawa ita ce takardar matsaya, in ana son cikakken suna a ce takardar matsayar gwamnati. Bari in kawo hujja, mai ja ya ja.

Sunan dai daga Birtaniya ya zo, kuma launin bango ne kawai asalinsa. Manyan rahotanni masu kauri da ake kai wa majalisarsu shuɗin bango ake yi musu, ƙananan kuwa a bar su da fari. Ɗaya daga cikin tsofaffin da suka yi suna ita ce ta 1922 a kan Falasɗinu, wadda ake jingina wa Winston Churchill, ministan Birtaniya mai kula da ƙasashen mulkin mallaka a lokacin. A can, gwamnati na fitar da ita ne don ta faɗi abin da ta ƙudiri aniyar yi kafin ta kai ƙudirin doka majalisa. Faransawa su kuma farin littafi suke cewa, don haka 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun san ta da livre blanc.

A Najeriya aikinta ya ɗan sauya. Nan galibi sai an kafa kwamiti ko hukumar bincike, ta zauna, ta saurari jama'a, ta miƙa rahoto. Sannan gwamnati ta kafa wani ƙaramin kwamitin da zai bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya taɓa buɗe irin takardar nan ya san fasalinta: ga shawarar kwamiti a sama, ga amsar gwamnati a ƙarƙashinta, wani lokaci layi guda tak. Ko a ce an amince, ko a ce an ƙi, ko a ce an lura.

Ku ɗauki kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2007 don gyaran harkar zaɓe. Ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Babbar shawararsa ita ce a cire hannun shugaban ƙasa daga zaɓo shugaban INEC, a bar wa Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta tace masu nema. Da gwamnati ta fitar da tata takardar a 2009, sai ta ƙi wannan shawarar. To ka ga rahoto ya ce gabas, takardar gwamnati ta ce yamma. Duk mai fassarar da ya kira su biyun da suna ɗaya, wato rahoto, ya ɓatar da mai sauraro a daidai wurin da labarin yake. Da wannan kaɗai "rahoton gwamnati" ya faɗi.

Haka rahoton kwamitin Stephen Oronsaye kan rage hukumomin gwamnati. An miƙa shi a 2012, ya ƙirga hukumomin tarayya 541, ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161, har da haɗe hukumomin yaƙi da cin hanci EFCC da ICPC da hukumar ɗa'ar ma'aikata wuri guda. Takardar da gwamnatin Jonathan ta fitar a 2014 ta yi watsi da shawarwari masu yawa, ciki har da wannan haɗewar. Gwamnatin Buhari ta sake kafa kwamitoci a kansa. A Fabrairun 2024 kuma aka ji Shugaba Tinubu ya ba da umarnin aiwatar da shi. Rahoto ɗaya ne tun 2012 bai motsa ba, abin da ke sauyawa shi ne inda kowace gwamnati ta tsaya. Shi ya sa na ce matsaya.

Wani malamin makaranta ya rubuto cewa a bar farar takarda, tunda kunne ya fara sabawa, kuma ai farar hula ma ba wanda ke tambayar ina hular take. Malam, Allah ya ƙara sani, misalinka ya yi kyau, amma akwai bambanci. Farar hula a bakin Hausawa ta tsiro, ba ta da wata kishiyar ma'ana da za ta rikita mutum. Farar takarda kuwa tana da ita. Ka aiki yaro shagon mai fotokwafi ka ce ya sayo farar takarda, abin da zai kawo maka shi ne wadda ba a rubuta komai a kai ba. In aka ce a rediyo gwamnati ta fitar da farar takarda kan rikicin gari kaza, tsohon da ke sauraro a gindin bishiya zai iya fahimtar cewa ba ta ce komai ba. Sau da yawa ma ya yi gaskiya, amma ba haka mai labarin yake nufi ba. Sannan fari a Hausa yana jan hankali zuwa alheri: farar aniya, farin jini, farin ciki. Bai kamata suna ya wanke takarda tun kafin a karanta ta ba.

Hajiya da ta kawo "daftarin manufa", na gode, kuma kalmarki tana da gurbi, sai dai ba nan ba. Daftari abu ne da bai nuna ba, ana iya ƙari ana iya ragi. Turawan suna da wata da suke kira green paper, wadda gwamnati ke fitarwa don jin ta bakin jama'a kafin ta yanke shawara. Wannan ce daftarin manufa, ko takardar neman shawara. Kada dai wani ya ce mana koriyar takarda.

"Takardar hukunci" ta kotu ce. "Ƙudiri" na majalisa ne. "Sanarwar bayan taro" tana da nata aikin tuntuni.

Sai wanda ya tambaya ko matsaya ko matsayi. Tambaya ce mai kyau, don na sha ganin an rubuta "takardar matsayin gwamnati". Matsayi ya fi karkata ga muƙami da daraja: matsayinsa a ofis, a matsayina na uba. Matsaya kuwa inda aka tsaya bayan an tattauna, shi ya sa muke cewa an cimma matsaya, ko sun tashi ba matsaya. Ita ce ta dace. Ku gwada ta da abin da ya faru a Legas: kwamitin Mai Shari'a Doris Okuwobi kan zanga-zangar EndSARS ta adawa da zaluncin 'yan sanda ya miƙa rahoto a tsakiyar Nuwambar 2021, a ƙarshen watan gwamnatin jihar ta fitar da takardar matsaya, ta karɓi 11 daga cikin shawarwari 32 yadda suke, ta ce wasu na gwamnatin tarayya ne, ta kuma ƙi yarda da abin da rahoton ya faɗa kan kisan da aka yi a Lekki. Jimlar ta zauna, ba wanda zai nemi ƙarin bayani.

Wani ƙanena daga cikin 'yan kirifto, wato masu harkar kuɗin intanet, ya ce su ma suna da white paper, irin wadda aka fitar ta Bitcoin a 2008 mai shafi 9. Ƙanena, taku ba matsaya ba ce, don ba rahoton kowa take amsawa ba. Bayanin yadda abu zai yi aiki ne, in ta kamfani ce ma har da talla a ciki. Ku kira ta takardar bayani. Ba dole ba ne kalma ɗaya ta Turanci ta samu kalma ɗaya ta Hausa.

Abin da ya rage mini shi ne amsar nan ta uku, wadda suke rubutawa noted. "An lura" da na faɗa ɗazu bai gamsar da ni ba, don lura a Hausa tana ɗauke da kulawa, kamar za a yi wani abu a kai. Alhali duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san in aka rubuta wa shawararka haka, ba a karɓa ba, ba a kuma so a ce an ƙi. Abin da Bahaushe ke faɗa a irin wannan hali shi ne "mun ji". Ka je neman bashi wurin attajiri, ya saurare ka tsaf, ya ce ya ji, ka san sai dai ka nemi wata ƙofar. Saboda haka nake ganin a rubuta su uku haka: gwamnati ta amince, gwamnati ta ƙi, gwamnati ta ji.

Masu aiki a ɗakunan labarai na Kano da Kaduna da Yamai, ku gwada "takardar matsaya" a labarin da zai zo nan gaba, ku faɗa mana ko masu kiran waya sun gane ba tare da an maimaita da Turanci ba. A kan "ta ji" kuma ina jiran mai wadda ta fi.