Rubutuna ya sauko daga na 4 zuwa na 17 a Google, daga ina zan fara bincike?

Mai_Gyaran_Waya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara biyu ke nan ina rubutu a kan matsalolin wayar hannu, kuma rubutu ɗaya ne ke riƙe da shafin nawa, wanda na yi a kan abin da ke sa batir saurin ƙarewa. Kusan wata takwas yana tsakanin na 3 da na 5. Sati uku da suka wuce na buɗe Search Console, manhajar Google da ke nuna matsayin shafi a sakamakon bincike, da sassafe, sai na ga layin masu dannawa ya faɗi ƙasa warwas, matsayin ya koma 17. Na ari wayar ƙanena na bincika da ita, nan ma sai a shafi na biyu na same shi. Wallahi abin ya taɓa ni, don sai da na yi kwanaki ina gwada wayoyi huɗu da hannuna kafin na rubuta shi.

Sai tambaya ta biyu. Keyword Planner, manhajar Google ta duba kalmomin da mutane ke bincikawa, ya nuna min gasa kaɗan ce a kan "yadda ake gyara wayar da ta faɗa ruwa". Na zauna na rubuta mai tsawo, yau wata huɗu ko a shafi na biyar ban gan shi ba. Yaya kuke gane kalmar da mutum zai iya shiga gasarta?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, bari in fara da ta biyun don ita ta fi sauƙi. Gasar da Keyword Planner ke nunawa ta masu biyan kuɗin talla ce, wato yawan waɗanda ke rububin sa tallarsu a kan kalmar. Ba ruwanta da wahalar hawa shafin farko. Kalma tana iya zama babu mai tallata komai a kanta, amma manyan shafuka goma sun tare ƙofar.

Kamfanin Ahrefs, mai nazarin sakamakon bincike, yana ba kowace kalma makin wahalar hawa shafin farko daga 0 zuwa 100, kuma yana lissafa shi ne daga yawan shafukan da suka sa linki zuwa ga goman farko. Yana da amfani, amma ƙiyasi ne na kamfanin. Haka ma Domain Authority, makin ƙarfin shafi na kamfanin Moz, Google ba ya aiki da shi. Ni abin da nake yi, in rubuta kalmar in zauna in karanta shafin farko ɗaya bayan ɗaya. Su waye a wurin? In na ga kamfanonin da ke ƙera wayoyin da kansu da manyan jaridun fasaha, sai in haƙura in nemi wata kalma mai tsawo, kamar a ce lasifikar waya ta daina ƙara bayan ta jiƙe. In kuwa na ga tsofaffin tattaunawar Reddit ko Quora, ko rubutun da takensa ma bai dace da tambayar ba, to akwai ƙofa. In bidiyon YouTube ne ya cika saman, mutane so suke su gani da ido, tsawon rubutu ba zai cece ka ba.

Ta farkon kuma, duba Search Status Dashboard, shafin sanarwar Google, ka ga ko ranar faɗuwar ta zo daidai da babban garambawul ɗin da Google ke yi wa tsarin jera sakamakon bincike sau da dama a shekara. Na Maris 2024 kwana 45 ya ɗauka kafin ya kammala, kuma su da kansu sun ce a jira sati guda bayan an gama kafin a fara auna komai. Amma kafin nan, gaya min tsakani da Allah: ka taɓa wani abu a shafin a 'yan kwanakin?

Uwar_Biyu:
Ɗan'uwa, sannu da wannan jarrabawa, na san zafinta. Ka shiga rahoton Search Console ka kwatanta kwana 28 na baya da 28 ɗin da suka gabace su, yana ajiye bayanan wata 16. Ka duba ko duk rubuce-rubucenka ne suka sauka ko wannan kaɗai. In shi kaɗai ne, da wuya a ce garambawul ne. Sannan ka danna kalmar binciken ka ga adireshi nawa ke fitowa a ƙarƙashinta. Ni na taɓa yin rubutu biyu a kan abu ɗaya, suka riƙa karɓa-karɓa, yau wannan gobe wancan, babu wanda ya tsaya da ƙafarsa sai da na haɗe su.

Mai_Gyaran_Waya:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, na bi abin da kika ce. Adireshi biyu na gani a ƙarƙashin kalmar: tsoho mai shekara da wata a ciki, da sabo gajere. Sai na tuna, kwana biyu kafin faɗuwar na shiga saitin WordPress, manhajar da na gina shafin da ita, na cire kwanan wata daga adireshin rubuce-rubucena don su yi kyan gani. Yanzu na manna tsohon a burauza, 404 ya nuna min, wato ba a samu shafin ba. Sauran rubutun ma duk sun ɗan sauka, ban lura ba ne don dama ba su da masu karatu sosai. Malam, in mayar da tsohon tsarin ne?

Tsohon_Hannu:
To ga ta nan. Duk linkin da wasu shafuka suka ba ka a wata takwas ɗin nan tsohon adireshin suke nunawa, shi kuma ya mutu, sabon ya tashi hannu rabbana. Kada ka sake sauyawa, tunda Google ya riga ya fara ɗaukar sabon. Ka sa turawa ta 301, wato turawa ta dindindin, daga kowane tsohon adireshi zuwa sabonsa kai tsaye, ban da tura su duka shafin gida. Ka gyara linkin cikin gida, ka sake miƙa wa Google taswirar shafin, wato jerin adireshin rubuce-rubucenka, sannan ka sa sabon adireshin a URL Inspection, wurin duba adireshi a cikin Search Console, ka nemi a sake duba shi. Rubutun kansa kada ka taɓa ko harafi ɗaya yanzu, don in ka sauya abu biyu a tare ba za ka san wanda ya yi aiki ba. Zai iya ɗaukar makonni, kuma turawar ka bar ta aƙalla shekara guda.

Mai_Gyaran_Waya:
Na gama sa turawar, rubutu 46 ne, na gwada kowanne da hannu kuma duk sun buɗe. Na wayar da ta faɗa ruwa kuma na karanta shafin farko kamar yadda ka ce, bidiyo uku ne a sama sai shafukan Apple da Samsung. Zan koma kan maganar lasifikar. In sha Allahu ƙarshen wata zan kawo muku abin da Search Console ya nuna.