Neman shawara: ana gina bene mai hawa uku a gangaren da ke saman gidajenmu

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Mpape muke, Abuja. Filin da ke saman layinmu, a jikin tsauni, an fara aikin katafaren gida a kansa. Katafila ta yanke gangaren, an zuba ciko ta ɓangarenmu, aka tare shi da katangar bulo mai tsayin kusan mita 3. Gidaje huɗu ne a ƙasanta, ga damina tafe. Ba ma son rigima da maƙwabci. Me ya kamata mu duba, kuma wa za mu samu?

Injiniyan gini: Wa'alaikumus salam Hajiya. Girman gidan bai dame ni ba kamar katangar nan. Bulon inci 9 na zagaye fili ne, ba ya riƙe ciko mai tsayin mita 3. Ƙasa kubik mita ɗaya tana kai tan 1.8, ta fi haka in ta sha ruwa, kuma in tsayin ciko ya ninka biyu, turin da yake yi wa katanga ninkawa yake huɗu. Irin wannan wuri kankare mai rodi yake buƙata, wanda injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya lissafa, da faffaɗan gindi da ya kai rabi zuwa biyu cikin uku na tsayin katangar.

Ki leƙa daga gidanki ki ga ko akwai ƙananan bututu, inci 3 ko 4, da suka leƙo ta ƙasan katangar, duk tazarar mita 1.5 zuwa 2. Su ke fitar da ruwan da ya taru a bayanta. A bayan nan kuma ana zuba tsakuwa mai kaurin santimita 30 don ruwa ya sauka ya samu bututun. In babu su, ruwan Agusta zai tsaya a cikin cikon yana turi har katangar ta yi ciki, ko ta kife gaba ɗaya. Mafi yawan katangun da ke faɗuwa da damina, ruwan da ya rasa hanya ne ke kayar da su.

Magini: Gaskiya ne, Injiniya. Ƙari a kan ciko: ba a juye tifa goma a baje a ce an gama. Ana zubawa santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa, a daddanne da inji, sannan a ƙara. Kuma fandishon benen kada ya zauna a kan ciko. Sai an haƙa an taras da ƙasar asali ko dutse, a yi shi mataki-mataki yadda gangaren yake. In rabin gida yana kan dutse rabi kan ciko, ɓangaren cikon zai nutse, bango ya tsage.

Mai aikin magudanan ruwa: Hajiya, ki tambaye su ina ruwan rufi zai bi. Rufi da tsakar gida da aka shafe da siminti, mu ce murabba'in mita 400, in aka yi ruwa milimita 50, lita 20,000 ke nan za ta gangaro, alhali a da ƙasa da ciyawa ke shanye wani kaso. Dole a yi lambatu a saman filin mai tare ruwan tsauni, da wani mai tattara na rufi ya kai shi kwatar titi. Sokawe kuma kada a haƙa shi a bayan katangar, domin jiƙa cikon zai riƙa yi rani da damina. In kuna da rijiya, a nisanta shi da ita kamar mita 30.

Injiniyan gini: Sai batun fasa dutse. Nakiya sai da izinin hukuma, kuma ba ta dace da tsakiyar gidaje ba. Mutanen Mpape ba su manta da motsin ƙasar Satumban 2018 ba. Akwai garin sinadari da ake kwaɓawa a ɗura a ramukan da aka huda, ya kumbura ya tsaga dutsen ba ƙara ba girgiza. Ku nemi a yi da shi.

Lauya: 'Yar'uwa, tun yau kowane gida ya ɗauki hoton bangonsa ciki da waje da kwanan wata. In akwai tsohuwar tsaga, a yi mata alama a auna faɗinta, don in ta ƙaru ba wanda zai ce dama haka take. Sannan ku je wurin mai unguwa a kira mai ginin da injiniyansa, ku nemi ganin takardar amincewar gini, da sakamakon gwajin ƙasa, da zanen katangar. Abin da aka yarda a kai a rubuta, kowa ya sa hannu. In ya ƙi, ku rubuta ƙorafi ɗaya da sa hannun gidajen huɗu zuwa sashen Development Control mai ba da izinin gini, da ke ƙarƙashin AMMC, hukumar kula da birnin Abuja, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Suna da ikon dakatar da aiki.

Magini: Kafin nan, a kwashe gado da wurin wasan yara daga jikin katangar. In kuka ga ta karkato, ko ruwa mai laka yana tsattsafowa, ko ƙasar samanta ta dare, ku bar ɗakunan da ke kusa a ranar, kada a jira zaman mai unguwa.