"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi": wankan wa ake nufi?

Maman Godiya, Tumfure:
Salama 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun Asabar. 'Yar yayata za ta yi aure, an karanta sanarwa sau ɗaya a majami'a, saura biyu. Kwamitin aure suka ce a kawo takardun gwaji uku: na jini, na ƙanjamau, da na ciki. Biyun farko ba wanda ya yi musu. Na cikin ne yayata ta roƙa a kai wa matar fasto ta duba ita kaɗai, ba sai an buɗe gaban dattawa bakwai ba, dukansu maza. Sai wani dattijo ya gyara tabarau ya ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Yayata ta ce, "To Baba, wankan wa ake yi? Na ga yarinya kaɗai aka tuɓe." Nan zama ya watse. Yarinyar lafiyarta ƙalau, kada a yi mini wata fassara. Abin da nake tambaya, karin maganar nan wurinta ke nan?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, wurinta ke nan. Shekara goma sha ɗaya na yi a kwamitin aure. Na ga amarya da farar riga da lulluɓi, bayan wata biyar aka kira mu suna. An sa fasto ya shaida abin da ba haka ba gaban jama'a. Ibraniyawa 13:4 ta ce a girmama aure, a kuma tsare gadon aure da tsarki. Sanarwar Lahadi uku ma don me ake yin ta? Don mai magana ya fito kafin a ɗaura.

Ɗan Bolari:
Baba, wata biyar ai saurin amsa addu'a ne.

Baba Mai Ritaya:
Kai har yau ba ka girma ba.

Anti Nas:
Inda na yarda da maganar ba ja shi ne gwajin jini. In mai jinin AS, wato mai ɗauke da sikila amma ba ya ciwon, ya auri AS, kowane ciki ɗaya cikin huɗu ne a haifi mai sikila. Kowane ciki fa, ba ɗa ɗaya cikin huɗu ba, ana iya jera uku. Na san waɗanda suka sayo takardar ƙarya don kada a raba su, yau su ne ke kwana a asibiti yaro na kukan ƙashi. Wannan cibin a buɗe shi, amma tun saurayi na zuwa zance, ba sai an buga kati an ɗinka anko ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ciki kuwa daban ne. Mutum biyu suka yi abu, jikin mutum ɗaya ke ba da shaida.

Malam Istifanus, Bogoro:
Ku lura, cibi aka ce, ba cibiya ba. Yaro mai ƙaton cibi ne ke fama da riga ko ana zafin bazara, sai ranar da aka gangara rafi. Amma a rafi kowa tuɓewa yake. Dattijon nan ya faɗi maganar yana sanye da babbar riga.

Alhaji na Jekadafari:
Maƙwabcinku ne, na leƙo. Ni a bakin tsofaffinmu wankan gawa na ji ana nufi. Duk abin da ka ɓoye, akwai ranar da wasu za su juya ka ba ka da ta cewa.

Maman Godiya:
Kai Alhaji, muna zancen biki ka kawo makara. Mahaifiyata wankan jego take nufi in ta faɗa. Mai jego ba ta jin kunyar mai yi mata wanka.

Uban Tagwaye:
Mu a taron ma'aurata bara wani rabaran ya juya ta wata fuska. Ya karanta Farawa 2:25, inda Adamu da matarsa suke tsirara ba su ji kunya ba, ya haɗa da 1 Korintiyawa 7, inda Bulus ya ce kada miji da mata su hana juna sai da yarda, na ɗan lokaci, don addu'a. Ya ce ranar wanka ta ma'aurata kullum ce, amma mu a nan muka fi ɓoyon cibi. Mace ba ta san albashin mijinta ba. Miji na da matsala ya gwammace ya sayi maganin bakin tasha da ya faɗa wa matarsa. Shekara goma a gado ɗaya, ba wanda ya taɓa iya cewa ga abin da nake so. Majami'a ta yi tsit, kowa na kallon takalminsa. Tun ina yaro nake zuwa sujada, ban taɓa jin an yi wa'azi daga Waƙar Waƙoƙi ba. Kafin aure "kada, kada", bayan aure shiru.

Jikar Ungozoma:
Ku ba ni wuri, labarin kakata ya zo. Uwar babana ce, a wani ƙauye bayan Kaltungo. Kun san tun da 'yan mishan suka sauka Kaltungo a 1917 mai mata biyu ba ya samun baftisma. Kakana mata biyu gare shi, Kaka ce ta biyu, dattawan ƙauyenmu kuwa suka haɗa har da ita. Fiye da shekara ashirin tana bencin baya, ba ta cin Jibin Ubangiji. Amma ba ta fashin sujada, ita ke kaɗa tulu a zumuntar mata, ba ta iya karatu ba amma in littafin waƙa ya ɓace ita ake tambaya. Kuma ita ce ungozomar ƙauyen. Da wuya ka sami gidan da ba ta yanke cibiya a ciki ba.

A 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, wata yarinya cikin mawaƙa ta yi ciki. Kowa ya san ɗan ma'aji ne. Kafin magana ta fito an ɗora shi a mota sai Jos, wai koyon kanikanci. Dattawa suka yanke cewa ranar Lahadi yarinya za ta tsaya gaban ikilisiya ta faɗi laifinta da bakinta. Uwarta ta je roƙo, aka ce mata wannan maganar dai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan Bolari:
Kanikancin gaggawa. Har yau ana tura su, sai dai yanzu Abuja.

Jikar Ungozoma:
Bari mana. Daren Asabar dattawa na zaune da fitilar ƙwai, sai ga Kaka ba gayyata, da ƙwaryar da take wankan jarirai, da soso da sabulun salo. Ta ajiye a tsakiya, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Na ji an ce gobe wanka, shi ne na zo da kayan aiki. Da wa za a fara?"

Mai bishara ya ce Mama wannan zaman dattawa ne. Ta ce, "Na sani. Biyu a cikinku ni na yanke musu cibiya, sauran ni na karɓi 'ya'yansu. Akwai wanda ɗan farinsa aka ce bakwaini ne. Bakwaini da gashi da farce, ya kusa karya mini hannu. Shekara nawa yau? Ko abokiyar zamana ban faɗa wa ba."

Babana yana laɓe bayan taga, shi ya ba mu labari. Ya ce mutum ɗaya Kaka take nufi, mutum uku suka sunkuyar da kai.

Anti Nas:
Wayyo cikina! Bakwainin nan har yau muna karɓarsu, kilo huɗu.

Jikar Ungozoma:
Ba ta ce kada a yi horo ba. Cewa ta yi in wanka ne a ɗebo ruwan mutum biyu. Aka fasa tsayar da yarinya, aka aika Jos aka dawo da yaron, aka sa su horon wata shida su biyu. Lahadin farko yarinya ta shigo tana rawar jiki, ta rasa inda za ta zauna. Kaka ta buga benci ta ce, "Zo nan 'yata, unguwarmu ce, na fi kowa sanin inda iska ke shigowa." Mako na biye uwar zumunta ta dawo baya wai ƙafarta na ciwo, ba ta iya ƙarasawa gaba. Sai wata, sai wata. Kafin wata biyu mai bishara sai ya ɗaga murya, don matan duk sun koma bakin ƙofa. Da yarinyar ta haihu matan zumunta suka raba kwana arba'in a tsakaninsu, wannan itace, wannan ruwa, wannan kunun kanwa. Kaka takan ce zumunta a ƙafa take, ba a zanen anko ba.

Maman Godiya:
Sun yi auren?

Jikar Ungozoma:
Ina! Horo na ƙarewa ya sake gudu. Wani malamin firamare ta aura daga baya. Kaka kuwa sai bayan rasuwar kakana aka yi mata baftisma a rafi, da furfura. Da ta fito daga ruwa wai cewa ta yi ruwan da sanyi, da sun sani sun yi tun tana da jini a jika.

Baba Mai Ritaya:
Labari mai daɗi, Allah ya ba ta hutawa. Amma 'yata ki duba, horon dai an yi. Kuma gaskiya abin da ta yi da ɗan kama da barazana. In kowa ya riƙe asirin wani yana kaɗa shi, ba mai iya tsawata wa kowa ke nan. Laifin dattijo na shekara ashirin bai wanke na yarinya ba. 1 Timoti 5:20 ta ce masu zunubi a tsauta musu gaban kowa domin saura su ji tsoro.

Malam Istifanus:
Baba, da girmamawa, a hau aya ɗaya sama. Ta 19 zancen ƙarar dattawa take. Su ne ake cewa a tsauta wa gaban kowa.

Ɗan Bolari:
Kaza ta tono wuƙa.

Uban Tagwaye:
Yusufu fa? Matiyu 1:19, da ya ga Maryamu da ciki, shi mai adalci ne, bai so ya tona ta ba, ya yi niyyar rabuwa da ita a ɓoye. Kuma Matiyu 18 ta ce ka fara zuwa kai da shi kaɗai.

Baba Mai Ritaya:
Ta kuma ce in ya ƙi ji a faɗa wa ikilisiya. Ku riƙa ƙarasa karatu.

Anti Nas:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, kakar nan tana bayan karin maganar ne ko tana gāba da ita? Ita ce fa ta ɓoye cibin wani shekara ashirin.

Jikar Ungozoma:
Oho. Ita dai takan ce mai wanka yana gani, amma ba ya shela.

Ɗan Bolari:
Tunda an zo bencin gaba da na baya, ina masu zuwa sujada sau ɗaya a shekara huɗu? Su ba a tambayarsu takardar gwaji. Ana ganin jerin motoci sai a tashi tsofaffi a ba su gaba, a miƙa musu abin magana. Wani ya yi mana alkawarin kwanon rufi tun zaɓen da ya wuce, har yau in ana ruwa mawaƙa da lema suke waƙa. Baiko iri biyu na sani, na faranti da na aure. Shi na auren ya yi mana, ya ɓace, muna nan muna jiran ɗaurin.

Alhaji na Jekadafari:
Ashe har wurinku. Mu sahun gaba suke shiga, su yi ta tsawaita sujada sai mai hoto ya gama.

Malam Istifanus:
Su ranar wankansu ranar zaɓe ce, amma da atamfa da taliya suke rufe cibin.

Baba Mai Ritaya:
Ku bar siyasa. Maman Godiya, ki ce wa yayarki ta je ta sami fasto shi kaɗai kafin Lahadi. A wasu majami'u tuni matar fasto ko wata nas cikin membobi ke karɓar sakamakon, kwamiti su ji "babu matsala" kawai. Amma ta nemi gafarar dattijon, ko ba komai ya haife ta.

Maman Godiya:
Baba, ya girme ta da shekara biyu ne kacal, ajinsu ɗaya a Billiri. Na dai faɗa mata. Ta ce za ta je, amma sai an sa mace ko ɗaya a kwamitin. Angon kuma ya ce in an buɗe takardar amarya gaban mutane shi ma a tambaye shi gaban mutane. Yanzu uwarsa ce ta tayar da hankali, wai me yake da shi da zai faɗa.

Ɗan Bolari:
To fa. A duba ko an saya masa tikitin Jos.

Alhaji na Jekadafari:
Ni dai har yanzu wankan gawa na sani.

Maman Godiya:
Na jego ne, Alhaji. Anti Nas, ankon ya iso, ki aiko a karɓa miki kafin shuɗin ya ƙare.

Ɗan Bolari:
Ku da kuke da ruwa ku yi ta musu. Mu kwana tara famfo bai ɗiga ba, mai kura ma ya daina ɗaga wayata.