Sintisaiza ta analog tana sauka daga kan sauti, me zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa makaɗa. Wata uku ke nan ina fama da wata tsohuwar sintisaiza ta analog (na'urar kiɗa mai maɓallai da ke samar da sauti da wutar lantarki, ba ta dijital ba) da na saya hannu na biyu. Kaurin sautinta ne ya ja ni, irin wanda mawaƙi William Onyeabor ya riƙa fitarwa a Inugu, wanda kwamfuta ta kasa ba ni.

Ina kunna ta in bar ta ta yi ɗumi rabin awa, in saita ta a kan 440, wato ma'aunin sautin da aka saba daidaita kayan kiɗa a kansa. Kafin mawaƙi ya gama baiti biyu, osileta ta biyu (ɗaya daga cikin sassan da ke samar da sautin) ta sauka, sautin ya fara rawa kamar gurmin da tsirkiyarsa ta saki. Na san ko furodusa Giorgio Moroder, da yake haɗa waƙar "I Feel Love" da ta fito a 1977, sai da ya riƙa tsayawa ana sake saita sintisaizar Moog da ya yi aiki da ita. Amma tawa ta wuce misali, musamman da rana in ɗakin ya ɗau zafi, ko muka koma janareta.

Na sa sitabilaiza, na goge maɓallan, ba canji. Don Allah zafi ne, ko kafasitocin ciki (ƙananan sassan da ke riƙe caji) ne suka tsufa? Mai gyaran rediyo zai iya taɓa ta? Ina tsoron a ƙarasa min ita, ga aikin mutane a hannuna.